Kwana uku a tsibirin Mull tare da Hajiya: jirgin fito ake fara kamawa kafin ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a Gilasgo, za a yi bikin yaye mu a farkon watan Yuli. Mahaifiyata za ta zo daga Kano tare da maiɗakina da 'yarmu mai shekara huɗu. Ina so in kai su tsibirin Mull da ke yammacin Sikotlan mu yi kwana uku a irin gidajen nan da ake kira B&B, don na ji an ce sun fi otal sauƙi. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, kuma tana tsoron ruwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kuma kawo su Hajiya lafiya.

Ta jirgi za ka fara. Na san hankalinka yana kan ɗaki, domin hotunan ɗakuna kake ta gani a intanet, ga taga tana kallon teku, ga gado an shimfiɗa masa farin zani. Amma ɗakin nan yana hayin ruwa, kuma idan da mota za ku je, gurbin motar a cikin jirgi ya fi gado wuyar samu a watan Yuli. Ni kaina na taɓa cin wannan karon. Shekarar da na fara kai iyalina, na biya kafin alƙalami na kwana uku a Tobermory, babban garin tsibirin, tun watan Afrilu, na miƙe ƙafa, sai ana saura mako biyu na shiga neman tikitin mota. Duk jiragen ranar sun cika in ban da na ƙarshe da daddare, wanda zai sa mu ƙwanƙwasa ƙofar mutane bayan sun yi barci. Babu wanda ya cuce ni, ni ne na fafe gora ranar tafiya.

Babbar ƙofar Mull ita ce garin Oban. Daga nan jirgin kamfanin CalMac yake ɗaukar mutane da motoci zuwa Craignure da ke Mull, tafiyar kamar minti 50. CalMac kamfanin gwamnatin Sikotlan ne, shi ke riƙe da kusan dukkan hanyoyin tsibiran yamma. A watan Oktoban 2015 aka shigar da hanyar Mull cikin tsarin da ya daidaita kuɗin jirgi da abin da mutum zai kashe da a ce titi ne ya bi mai irin wannan nisan. Kuɗi ya faɗi ƙwarai, har tikitin mai tafiya da ƙafa bai kai kuɗin abincin rana a Gilasgo ba. Sauƙin nan shi ya jawo cunkoso: kowa ya koma shiga da motarsa, ga manyan motocin nan masu ɗakin kwana a ciki, kowace tana cin gurbin ƙananan motoci biyu. Babban jirgin hanyar, wanda yake aiki tun 1988, motoci kusan 70 yake ɗauka, ƙaramin da aka ƙaro a 2022 kuwa bai wuce rabin haka ba. Ka haɗa wannan da hutun makarantun Sikotlan, wanda yake farawa a ƙarshen Yuni, za ka ga dalilin da ya sa nake maka gaggawa.

Abin da nake yi yanzu shi ne in haɗa biyun a zama ɗaya. In buɗe shafin CalMac in ga ranaku da lokutan da ke da gurbin mota, zuwa da dawowa. In rubuta wa masu gidaje uku ko huɗu imel da waɗannan ranakun. Wanda ya ce akwai ɗaki, in roƙe shi ya riƙe mini zuwa gobe, in koma in sayi tikitin jirgi, sannan in dawo in biya kafin alƙalami. Mutanen tsibiri sun saba da wannan roƙon, su ma da jirgin suke rayuwa. Idan motar haya ce ba ka san lambarta ba tukuna, ka ba da tsawonta daidai, lambar ka sanar daga baya. Ka kuma gaya wa kamfanin hayar cewa motar za ta hau jirgi. In otomatik kake so, ka kama ta da wuri, don masu giya sun fi yawa a wajensu.

Ka zaɓi jirgin tsakar rana wajen zuwa. Daga Gilasgo zuwa Oban mil kusan 100 ne, amma hanyar gefen tafkin Lomond ƙunci gare ta da kwana-kwana, sa'a biyu da rabi ce in babu tsaiko, ga yarinya da za ta ce fitsari, ga Hajiya da za ta so miƙe ƙafa. Ana rufe karɓar motoci minti 30 kafin tashi. Wanda ya makara, ko da tikiti a hannunsa, sai a ba wa na layin jira gurbinsa, shi ya koma layin jiran. Babu wani roƙo ko sanayya da ke aiki a wurin. Ka isa Oban da ratar sa'a guda, ku sha shayi, ku yi sayayya a manyan kantunan garin, ka cika tanki, domin mai ya fi tsada a tsibiri kuma gidajen mai ƙalilan ne.

Da ku biyu ne kai da maiɗakinka, da na ce ku bar mota. Jirgin ƙasa daga tashar Queen Street ta Gilasgo yana kai mutum Oban cikin sa'a uku da 'yan mintuna, tashar tana daf da inda ake hawa jirgin ruwa, akwai kuma bas daga Craignure zuwa Tobermory da zuwa Fionnphort. Sai dai bas ɗin ba su da yawa, ranar Lahadi ma sun fi ƙaranci, kuma ba za su ajiye ku a ƙofar gida ba. Da gwiwar Hajiya da yarinya da jakunkuna, mota ce maganinku.

Game da tsoron ruwa, kada ka yi wa Hajiya dariya. Duk wanda ya tashi yana jin labarin kifewar kwale-kwale a kogunanmu yana da hujjar tsoro. Ka nuna mata hoton jirgin tun tana gida, ta ga bene ne mai hawa-hawa, da kujeru da wurin cin abinci da banɗaki. Mashigin yana tsakanin tsibirai da tuddai, ba buɗaɗɗen teku ba ne, a yawancin ranakun bazarar Turawa da ƙyar shayi yake motsi a kofi. Ba a barin kowa ya zauna cikin mota a babban jirgin, dole a hau sama, kuma matakalar tana da tsayi. Don haka tun wajen sayen tikiti ka sanar cewa akwai dattijuwa mai buƙatar lif, ka sake faɗa wa mai duba tikiti a layi, sai su tsayar da motarka kusa da shi. Ka zaunar da ita ta tsakiya inda jijjiga ta fi sauƙi. In ta saki jiki, ka fito da ita ta ga farar hasumiyar fitila ta Lismore, sannan gidan sarautar Duart na zuriyar Maclean a kan wani dutse gab da isowa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Jadawalin jirgi alkawari ne da sharaɗin in iska ta yarda. Ko a Yuli akan samu ranar da guguwa ko hazo ko matsalar inji za ta sa a soke tafiya. Jiragen kamfanin da dama sun tsufa, kuma sanannen abu ne cewa sababbin da aka yi odarsu sun yi jinkirin shekaru, ɗayansu da aka tsara zai fara aiki a 2018 sai a Janairun 2025 ya fara ɗaukar fasinja a hanyar tsibirin Arran. Idan jirgi ɗaya ya lalace a wata hanya, akan ɗauke na wata hanyar a toshe gurbi, sai jadawali ya motsa. A shafinsu da manhajarsu kowace hanya tana da launi: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara za a iya sokewa ba tare da dogon gargaɗi ba, ja an soke. Ka duba da dare, ka sake dubawa da asuba. In an soke saboda yanayi, za a mayar maka da kuɗin tikiti ko a sauya maka wani jirgin, amma babu diyyar otal ko ta jirgin saman da ya wuce ka. Saboda haka kada ka kuskura ka sa dawowarku daga Mull ta kasance ranar tashin su Hajiya zuwa Najeriya, ko jajiberinta. Ka bar aƙalla kwana biyu a tsakani. Haka kuma kada ku je kafin bikin yayewa, ku bari sai an gama, kada ka wayi gari da rigar digiri a jaka kana kallon teku.

Akwai ƙofar baya da ya kamata ka sani. Tsakanin Fishnish a Mull da Lochaline a babban yanki akwai ƙaramin jirgi, tsallakawar ba ta kai minti 20 ba, kuma ba a kama gurbi, layi ake bi, wanda ya riga zuwa ya riga shiga. Sau da yawa yana aiki ko da an dakatar da na Oban. Wahalarsa ita ce doguwar hanya: daga Lochaline sai ka bi ta cikin duwatsun Morvern, ka sake hawa wani ɗan jirgin a Corran, kafin ka faɗa babban titin da ke gangarawa Glencoe zuwa Gilasgo. Ta nan na bi a waccan shekarar da na ba ka labari, muka isa a gajiye amma da rana tsaka. Akwai na uku daga Tobermory zuwa Kilchoan, sai dai hanyar can ta fi wahala, ban ba ka shawararta da Hajiya a mota ba.

Sai batun masauki. Wanda ya ce maka B&B ya fi otal sauƙi ya faɗi rabin gaskiya. A Yuli ɗaki mai kyau na mutum biyu yakan haura fam 100 a dare, ku kuma ɗaki biyu kuke buƙata. Ribarsa ita ce karin kumallo yana cikin kuɗin, kuma abincin kirki ne da zai riƙe mutum har la'asar, ga mai gida da ya san kowane lungu na tsibirin. Ma'anar sunan ke nan, gado da karin kumallo. Gidan mutum ne, yana zaune a ciki da iyalinsa, ya ware ɗaki biyu ko uku ko huɗu yana saukar baƙi. Babu mai gadi, babu teburin karɓar baƙi da ke buɗe dare da rana, babu yaron otal da za a aika. Matar da ta buɗe maka ƙofa ita za ta soya ƙwai da safe, ita za ta wanke zanin gado bayan kun tafi. In ka shiga da wannan fahimtar, rabin matsala ta kau. Ka ɗauka an sauke ka ne a gidan mutumin da ba ka sani ba a wani gari, duk ladabin da aka koya mana na baƙunta shi zai yi maka aiki.

Mutanen Mull duka kamar 3,000 ne, a tsibirin da ya kai murabba'in kilomita 875. A farkon ƙarni na 19 sun haura 10,000, kafin masu ƙasa su tashi ƙauyuka don kiwon tumaki, yunwar dankali ta shekarun 1840 ta ƙarasa sauran, mutane suka watse zuwa Kanada da Ostareliya da biranen kudu. Kufan gidajen dutse da za ku riƙa gani a gefen hanya nasu ne. Na kawo wannan ne don ka gane ƙarancin gadaje, ka kuma gane dalilin tsaurin ƙa'idar soke ɗaki. Abin da mai gida zai ci a shekara cikin watanni bakwai yake samunsa, daga Afrilu zuwa Oktoba. Daren da ka soke a makare, asararsa ce kai tsaye. Shi ya sa da yawa ba sa karɓar kwana ɗaya a tsakiyar kakar baƙi, sai biyu zuwa sama. Ka tambaya a rubuce: in jirgi ne aka soke, me zai faru da kuɗina? Wasu suna mayarwa, wasu suna ɗage ranar, wasu za su ce aikin inshorar tafiya ne. Ko wanne ne, ka san shi kafin ka biya. Ka kuma duba lambar lasisi a tallar gidan. Doka a Sikotlan ta wajabta wa masu irin wannan sana'a lasisin ƙaramar hukuma, tsofaffin cikinsu an ba su zuwa 1 ga Oktoban 2023 su nema, kuma ana sa lambar a talla. Mull tana ƙarƙashin hukumar Argyll da Bute. Tallar da babu lamba, mai ita kuma yana matsa maka ka tura kuɗi duka ta banki, ka bar ta.

A ina za ku sauka? Tobermory ne babban gari, an kafa shi a 1788 don masunta, shi ne mai jerin gidajen nan ja da shuɗi da ruwan ɗorawa a bakin ruwa. Can ne kanti da kemis da gidajen abinci suke, mil 21 daga Craignure. Amma ga tarkon da hoto ba ya nunawa: titi ɗaya ne a bakin ruwa, sauran garin yana kan tudu, kuma yawancin B&B a saman suke. A taswira za ka ga tafiyar minti biyar, a ƙasa kuwa hawa ne da zai sa mai lafiya haki. Ka tambayi mai gida ƙarara ko akwai ɗaki a ƙasa, matakala nawa ce daga inda ake ajiye mota zuwa ƙofa, kuma wurin wanka na tsaye ne ko kwami ne da sai an ɗaga ƙafa an shiga. Ka kula da kalma biyu a talla. In an rubuta en-suite, banɗakin yana cikin ɗaki. In an rubuta private bathroom, naku ne ku kaɗai amma mai yiwuwa sai an fito an tsallaka baranda. Ga mai tashi alwala cikin dare, bambancin ba ƙarami ba ne. Ka tambayi ko suna karɓar yara, don wasu gidajen ba sa karɓar ƙasa da shekara 12, kuma ka ƙirga 'yarka a cikin mutane. Ɗabi'ar nan tamu ta a kama ɗakin mutum biyu a shigo da uku, a nan tana iya jawo a mayar da ku daga bakin ƙofa, saboda lasisi da ƙa'idar gobara sun ƙayyade adadi. Ka tambayi ko akwai kare a gidan, domin gidaje da yawa akwai, kuma in ka faɗa da wuri za su tsare shi.

Maganar karin kumallo ita ce inda 'yan'uwanmu suka fi jin nauyi, alhali ita ta fi sauƙin warwarewa. Cikakken farantin safe na mutanen nan ya ƙunshi soyayyen naman alade, da tsiran alade, da wani baƙin abu mai kama da faifai da ake kira black pudding, wanda da jini ake yin sa, wani lokaci har da haggis, kayan cikin tunkiya ne da ba yankanmu ba. Kada ka bari sai an dire faranti a gaban Hajiya. Tun a imel na farko ka rubuta cewa ku Musulmi ne, ba ku cin nama kowane iri a tafiyar nan, ba ku shan giya ko abin da aka sa ta a ciki, amma kuna cin kifi da ƙwai da madara. Na ce nama kowane iri da gangan, domin in ka ce alade kawai, za a kawo maka tsiran naman sa da kyakkyawar niyya, ka rasa yadda za ka yi. Ka ƙara da roƙon a soya naku a kasko daban. Ba su ɗaukar wannan a matsayin fitina, kullum suna saukar masu cin ganye zalla da masu rashin jituwa da alkama. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a bari su dafa a bar musu a faranti.

Abin da zai rage muku ma ya isa. Kunun oats mai kauri irin wanda muke kira kwaker, da zuma ko madara. Ƙwai yadda kake so. Bandar kifi da suke kira kippers, ko kifin salmon mai hayaƙi a kan ƙwai. Waken gwangwani, tumatir, naman kaza, gasasshen burodi da man shanu, da wata 'yar wainar dankali mai kusurwa uku. A wani gida da muka sauka kusa da Bunessan, matar gidan takan ajiye takarda da fensir a kan teburin baranda kowane dare, kowa ya yi alama a kan abin da zai ci da ƙarfe nawa. Dare na farko na ga ta ja layi da hannunta ta soke duk layukan nama a takardarmu, ta rubuta sunan kifin da ta samo a gefe. Da safe ta kawo sabon kasko ta nuna wa maiɗakina, har da takardar kanti a manne a gindinsa. Mu kuma muka fito da kwalbar yajinmu, ta ɗanɗana a bakin cokali, ta yi tari har da hawaye, ta ce a bar mata kaɗan saboda mijinta. Ku tafi da yajinku. Wani gidan kuma sukan ɗiga wiski a kan kunu don karramawa, in an tambaye ka ko kana son ɗigo, ka san abin da ake nufi.

Lokacin karin yakan kasance tsakanin takwas da tara, ba a ɗaga shi. Shiga ɗaki galibi daga huɗu zuwa shida na yamma, fita ƙarfe goma na safe. In jirgi ya makara, ka kira ka faɗa, kada ka bar mutum yana zaman jiranka.

Abu uku nake so ka gaya wa su Hajiya cikin lalama kafin ku shiga. Na farko turaren wuta. Kowane ɗaki yana da ƙararrawar hayaƙi, kuma a haɗe suke, in ɗaya ta yi kuka duk gidan ya ɗauka. Kasko da garwashi su zauna a Gilasgo, humra da turaren fesawa sun wadatar. Na biyu girki. Butar lantarkin da ke ɗaki ta shayi ce, ba a dafa taliya ko ƙwai a ciki, ba a kuma shiga kicin ɗin mai gida sai da izini. Na uku ruwa a banɗaki. Ƙasan banɗakinsu babu magudana, wani ma katako ne a ƙarƙashi, ruwan da ya zuba yana iya ɗiga ta silin ɗin ƙasa. Ku tafi da ƙaramar buta, a wanke ƙafa a wurin wanka, a goge ƙasa bayan an gama.

Salla a wannan lokacin sai da shiri. A farkon Yuli rana tana faɗuwa wajen goma na dare, ta fito kafin biyar na asuba, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, sama tana nan da haske-haske har gari ya waye. Babu masallaci a Mull. Ka ɗauki jadawalin babban masallacin Gilasgo da ka saba bi, ka ƙara 'yan mintuna a kan magariba tunda kun ƙara yin yamma da arewa. Alƙibla kudu maso gabas take, ka tabbatar da manhaja tun kana da sabis, don Hajiya ta saba fuskantar gabas. Nisan ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka kuna da sauƙin ƙasaru. Da asuba a taka a hankali, gidajen katako ne, bangon kuma ba ya ɓoye sauti.

Abincin dare ba ya cikin kuɗin, kuma nan ne baƙi suke kwana da yunwa. Gidajen abinci kaɗan ne, suna cika, da yawa suna rufe kicin wajen takwas da rabi ko tara, alhali hasken rana yana ruɗin mutum ya ɗauka la'asar ce. Ka kama tebur tun kafin ku taso. Kifi da sauran naman ruwa su ne arzikin wurin, sai dai ka tambayi ko an sa giya a ƙullun da ake tsoma kifi, da kuma irin man da ake suya da shi. In kana son nama, ka saya a shagunan halal na unguwar Pollokshields a Gilasgo, maiɗakinka ta soya, ku sa a kula don daren farko. Amma ka ja kunnen Hajiya kada ta ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu daga Kano. An hana shigo da nama da kayan madara Birtaniya daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe.

Tuƙi a Mull wani darasi ne daban. Bayan hannun hagu da ka riga ka sani, yawancin titunan faɗin mota ɗaya ne, da 'yan wuraren kaucewa a gefe, an kafa musu allo an rubuta Passing Place. In kun yi kiciɓis da wata mota, wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi yake tsayawa, ko ya koma da baya. In wurin yana hagunka ka shiga ciki. In yana damanka kada ka tsallaka, ka tsaya daidai saitinsa a hannunka, ɗayan ya zagaye ka ta ciki. Ba a ajiye mota a wurin don ɗaukar hoto. In ka ga mota ta manne maka a baya, ka kauce ta wuce, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce ko mai sauri ya kama jirgi. Kowa yana ɗaga wa kowa hannu, kai ma ka ɗaga. Tumaki kuwa a tsakiyar kwalta suke kwanciya, ba su san hon ba. Duk tsawon lokacin tafiya da taswirar waya ta ba ka, ka ƙara masa rabinsa.

Da kwana uku, ni zan raba su haka: ranar isowa ku huta ku zaga bakin ruwan Tobermory. Rana ta biyu ku tafi Iona da sassafe. Daga Tobermory zuwa Fionnphort sa'a biyu ce cur, daga nan jirgi na minti goma, kuma ba a barin baƙi su tsallaka da mota, a Fionnphort ake ajiye ta. Iona ƙaramin tsibiri ne inda wani malamin Kirista mai suna Kolumba ya sauka daga Ayalan a shekarar 563, daga nan addinin ya bazu a Sikotlan. Ko tarihin bai dame ku ba, farin yashi da ruwa garai-garai sun isa dalili, kuma hanyar daga bakin jirgi shimfiɗaɗɗiya ce, Hajiya za ta iya a hankali. Tsibirin Staffa mai kogon duwatsu da tsuntsayen puffin yana da ban mamaki, amma ƙaramin jirgi ake shiga a buɗaɗɗen teku, ga matakala da santsi. Wannan ba na Hajiya ba ne, kada ka ma ambata mata. Rana ta uku ku je gaɓar Calgary, wadda birnin Kanada ya samo sunansa daga gare ta, yarinya ta yi wasan yashi. In doguwar tafiyar Iona ta yi maka yawa, ka nemi masauki a Salen ko Craignure, tsakiya suke, ƙasarsu kuma a miƙe take, ƙaramin asibitin tsibirin ma a Craignure yake.

Zafin Yuli a can yakan tsaya wajen digiri 17, wato hunturu a wajen mutumin Kano, ga ruwan sama da ba ya sallama. Lema ba ta da amfani saboda iska, rigar ruwa mai hula da takalmi rufaffe za ka saya wa kowa, da suwaita da safa ga Hajiya. Da yamma in iska ta kwanta wasu ƙananan ƙwari da ake kira midges suna fitowa tuli, ba su ɗauke da zazzaɓi amma cizonsu da ƙaiƙayi, man shafawa na Smidge yana korarsu. In yarinya ta shiga doguwar ciyawa, a duba jikinta da dare saboda kaska. Ka saya wa Hajiya inshorar lafiya ta tafiya, domin baƙo mai bizar ziyara ana cajinsa kuɗin kwanciya a asibiti, ta kuma taho da magungunanta da za su wuce kwanakin da kuka tsara, ko da jirgi zai riƙe ku.

Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da yawa, musamman hanyar Fionnphort. Ka sauke taswira a waya, ka ɗauki hoton tikitin jirgi, ka rubuta lambar mai gida a takarda, ka riƙe 'yan kuɗi a hannu ko da yake kati yana aiki a yawancin wurare. Daren ƙarshe ka biya ragowar kuɗin ɗaki ka kuma gaya wa matar gidan jirgin ƙarfe nawa za ku kama. In na safe ne, za ta matso muku da karin kumallo ko ta naɗe muku burodi da dafaffen ƙwai. Daga Tobermory ka tashi sa'a ɗaya da rabi kafin lokacin jirgi, domin tsakanin can da Salen akwai guntun titi mai faɗin mota ɗaya, kuma motar katako ko bas ɗin 'yan yawon buɗe ido tana iya shiga gabanka.